Yadda Ake Zaman Jinya da Wanda Firgici Ya Bar wa Tabo a Zuciya, a Birnin Kano

Da wuya a Kano mutum ya shigo ɗakin likita ya ce abin da ya same shi shekara biyar da suka wuce ne ke cin sa. Abin da za ka ji shi ne, "Gabana ne ke yawan faɗuwa," ko "Kaina na ɗaukar zafi," ko "Wani abu na yawo a jikina," ko kuma "Dannau ya hana ni barci." Kafin ya iso gabanka ya sha maganin taifod ya fi sau biyu, an ce masa olsa ce, an yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu. Wannan bayani na ma'aikatan jinya ne, da masana halayyar ɗan Adam, da jami'an jin daɗin jama'a, da masu ba ɗalibai shawara, waɗanda irin wannan mutumin ke faɗowa hannunsu. Ba ya maye gurbin horo a ƙarƙashin ƙwararre. Abin da muke son ya zauna tun farko shi ne labarin abin da ya faru ba da shi ake buɗe jinya ba. Wanda aka ci wa zarafi, ko aka sace, ko bam ya tashi a gabansa, abin da aka ƙwace masa shi ne aminci da iko da kansa, kuma su ake fara mayar masa.

Ɗaki, gaisuwa, da minti goma na farko

Ka shirya ɗakin kafin mutum ya zo. Kujeru biyu masu tsayi ɗaya, a karkace, ba fuska da fuska ba, kuma kada tebur ya shiga tsakani. Kujerarsa ta kasance inda yake ganin ƙofa, babu mai wucewa ta bayansa. A ajiye ruwan sha da tabarma, domin tsofaffi da mata da yawa sun fi sakewa a ƙasa, kuma idan ta zauna a ƙasa kai ma ka sauko. Batun ƙofa yana da sarƙaƙiya a nan: rufe ta yana kare sirri, amma namiji da mace su kaɗaita a ɗaki abu ne da zai iya hana ta dawowa, ko ya jawo mata magana a gida. Mafita ita ce a tambaye ta. Ko mace ce za ta gan ta, ko a bar ƙofa a buɗe kaɗan da labule, ko ma'aikaciya ta zauna a gefe. Zaɓin nan da aka ba ta jinya ce, ba ladabi kawai ba.

Kada ka gajarta gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya ƙarfin jiki, in an yi rasuwa yaya ƙarin haƙuri. A cikin waɗannan mintoci biyu ko uku ne yake auna ka. Dattijo Baba ne ko Malam ko Alhaji, dattijuwa Hajiya ce ko Inna, kuma da "ku" ake musu magana. Kada ka miƙa wa mace hannu, kada ka dafa kafaɗar kowa ba da izini ba, ko da yana kuka. Wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin mayafi ba ɓoye-ɓoye yake ba, tarbiyya ce. Littattafan da aka rubuta a Turai suna lissafa rashin haɗa ido cikin alamomin ciwo, a nan kuwa yarinyar da ta ƙura wa babba ido ita ake wa kallon mara kunya.

Sannan ka faɗi yadda aikin yake, dalla-dalla: yawancin zama minti 50 zuwa 60 ne, sau ɗaya a mako, kuma yana da damar cewa a tsaya a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. Ka faɗi iyakar sirri tun kafin ya faɗi komai: "Abin da kuka gaya min a nan zai tsaya, ko mai gidanku ba zai ji daga bakina ba. Sai dai idan ranku ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, to dole mu nemi taimako, kuma ku zan fara gaya wa." Takardar amincewa a karanta ta da Hausa, a ba shi lokaci. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, don haka wanda ya yi jim kafin ya dangwala yatsa yana da dalilinsa.

Yawanci ba shi kaɗai zai zo ba. Miji, ko uwa, ko yaya zai rako shi, kuma shi zai karɓe maganar. Ka ba ɗan rakiya minti goma, ka saurare shi, ka gode masa, sannan ka ce ƙa'idar wurin ce a ga kowa shi kaɗai. Ka mai da shi ƙa'ida ga kowa, don kada wani ya ga kamar shi ake zargi. Ɗan rakiya wani lokaci shi ne ciwon. Saboda haka ma ba a sa ɗan'uwa tafinta idan mai jinyar Bafulatana ce ko Babarbariya da Hausarta ba ta nuna ba.

Sunan da shi ya ba ciwonsa

A shekarar 2013 littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya zo da jerin tambayoyi 16 na gano yadda mutum da danginsa ke fassara ciwo. Ba sai ka bi su duka ba. Guda biyar sun wadatar a zaman farko: Idan za ku yi wa aminiyarku bayanin abin nan, me za ku kira shi? Me kuke gani ya jawo shi? Mutanen gida me suke cewa? Ina da ina aka je neman magani, kuma wanne ya ɗan yi amfani? Me kuke fata ya canza idan an dace? Kalmar da ya yi amfani da ita ka riƙe ta har ƙarshen jinya. Idan ya ce ƙunci, ƙunci ne. Kada ka musanya masa da kalmar asibiti, musamman wadda ta yi kama da taɓin hankali, domin tsoron a ce akwai hauka a dangi, a ƙi auren 'ya'yansu, ya fi ciwon kansa nauyi a wurin iyalai da yawa.

Amsar tambaya ta biyu sau da yawa ita ce aljani, ko sammu, ko kambun baka. Kurakurai biyu ake yi a nan, kuma ba mu ga wanda ya fi wani sauƙi ba. Na farko ka yi murmushi ka ce babu wannan, ƙwaƙwalwa ce. Ba zai yi musu da kai ba, zai ce "to, likita," ba kuma za ka sake ganinsa ba. Na biyu ka gaskata masa cewa kishiya ce ta yi mata asiri, ka ƙara wa wutar gida fetur. Hanyar da ke aiki ita ce ka bar abin da ba fanninka ba ka kama abin da kake iya gani: "Sha'anin gaibu Allah ne masani, kuma addu'a ku ci gaba da ita. Abin da na sani shi ne jikin da ya razana yakan yi irin wannan, kuma akwai dabarun kwantar da shi. Mu haɗa biyun." Ruƙiyyar da karatu ce da tofi ba ta karo da jinya. Wadda ake duka, ko ɗaurewa, ko shaƙa wa mutum hayaƙi har ya suma, ko a hana shi maganin asibiti, wannan ka faɗa a fili cewa cutarwa ce. Abin da aka gani a gidajen mari da aka rufe a Arewa a 2019 ya isa hujja, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na a mutunta shi.

Haƙuri da ƙaddara su ma kaifi biyu gare su. Akwai wanda imani da ƙaddara ya sauke masa nauyin "da na sani", wannan ka ƙarfafa shi a kai. Akwai kuma wadda aka toshe wa baki da "yi haƙuri" tun ranar da abin ya faru, har ta ɗauka kukanta raunin imani ne. Ita ba wa'azi za ka yi mata ba, kai ba malaminta ba ne. Tambaya za ka yi: me ta sani game da Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf? Ko hawayen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ranar rasuwar ɗansa Ibrahim? Ita za ta ƙarasa da kanta. Ga Kirista daga Sabon Gari ko daga cikin Hausawa Kiristoci, labarin Ayuba da Zabura suna yin wannan aikin. Ka dai fara tambayar matsayin addini a rayuwarsa, kada ka yanke daga sunansa ko shigarsa. Wanda malami ko fasto ne ya ci zarafinsa, ayar da kake ganin za ta sanyaya masa rai ita ce za ta tayar masa da hankali.

Abin da ba a tsallakewa

Kafin a ce firgici ne, a tabbatar likita ya duba jiki. Farfaɗiya, da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, da ƙarancin jini, da hawan jini, duk suna kwaikwayon damuwa. Mai jego da ta rikice cikin makonni biyu da haihuwa, ba ta barci, tana ganin abin da babu, ba ta jiran zama na biyu. Ranar za a kai ta sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Ka tambayi shaye-shaye ba tare da ɗaure fuska ba, mata da maza, da sunan abin: tiramol, kodin, wiwi, sholisho, da ƙwayar barci ta kemis. "Mutane da yawa da barci ya gagare su sukan nemi abin da zai taimaka, ku me kuka gwada?" ya fi "kina shaye-shaye?" samun gaskiya.

Tambayar kisan kai dole ce, kuma yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin. Saboda haramcinsa a addini, da tsoron hukuma, "a'a" ta farko ba abin dogaro ba ce. Hawa-hawa ake yi: Kukan ji kun gaji da rayuwa? Kukan yi fatan ku kwanta kada ku tashi? Tunanin ku yi wa kanku wani abu ya taɓa zuwa? Da me? Yana gida yanzu? Idan akwai shiri, ba a barinsa shi kaɗai, a kira wanda shi ya zaɓa a cikin dangi, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga gidan, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Idan fyaɗe ne kuma sabo, agogo na tafiya: maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Zantawa ta biyo baya.

Ma'aunai biyu sun isa. PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, tambaya 9 ne, maki daga 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama na nuna damuwar da ke buƙatar kulawa. PCL-5, ma'aunin ciwon da firgici ke bari, tambaya 20 ne, maki 0 zuwa 80, ana sa ido daga wajen 31 zuwa 33. Karanta su ake yi da baki. Ga wanda bai saba da "kaɗan, matsakaici, sosai" ba, ka jera kofuna biyar daga wanda babu ruwa zuwa cikakke, ya nuna da yatsa. A maimaita duk bayan zama huɗu. Ka tuna kuma cewa a watan farko bayan mummunan abu, razana da mafarkai da rashin barci ba ciwo ba ne tukuna, mafi yawan mutane suna warwarewa da taimakon dangi. A wannan watan ba a tara mutane a ce kowa ya ba da labarin abin da ya gani, ba kuma a ba da ƙwayar kwantar da hankali ta diyazefam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan duka biyun, domin ba sa hana ciwon kama mutum, ƙwayar kuma tana kama jiki.

Koya wa jiki dawowa

Zama biyu zuwa huɗu na gaba na wannan ne. Bayanin ciwon ba ya buƙatar zanen ƙwaƙwalwa, Bahaushe ya riga ya yi shi: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda yake Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ranar harin bam na 28 ga Nuwamba 2014, ko yake kan titi lokacin hare-haren yammacin Juma'ar 20 ga Janairu 2012, fashewar taya ko cunkoson sahu na iya mayar da shi wurin cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda 'yan daba suka tare da wuƙa suka ƙwace wa waya, ƙarar babur a bayansa ta isa. Ku zauna ku lissafa tsummokaransa: wane sauti, wane wari, wace unguwa, wane lokaci na rana. Mutane da yawa a nan suke fara jin cewa ba haukacewa suke yi ba.

Numfashi shi ne dabara ta farko. Hannu ɗaya a kan ciki, a ja iska ta hanci ana ƙirga uku, a sake ta a hankali ana ƙirga biyar ko shida, na minti biyu zuwa biyar, sau biyu a rana. A ɗaura shi a kan abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, in ba haka ba za a manta. Carbi na taimakawa, ƙwaya ɗaya numfashi ɗaya. Inda ake kuskure shi ne a ce "ja dogon numfashi" kawai. Mutum ya riƙa zuƙar iska da ƙarfi, jiri ya kama shi, yatsu su yi sanyi, ya ce dabarar ta ƙara masa ciwo. Fitarwar ce mai aiki, ita ake ja. Kada ka ce ya rufe ido. Wanda aka danne a cikin duhu, rufe ido a gaban baƙo ba hutu ba ne.

Dabara ta biyu ta lokacin da mutum ya tafi ce, wato yana zaune a gabanka amma idonsa ya kafe, muryarsa ta canza ko ta ɗauke. Ka kira sunansa da murya ta yau da kullum, ka faɗi inda kuke da ranar da ake ciki, ka ce ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya faɗi abu biyar da yake gani a ɗakin, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji. Ka miƙa masa ruwa mai sanyi ya riƙe ko ya shafa a fuska. A gida alwala na yin wannan aikin, haka tauna citta ko kanumfari. Turare kuwa sai an tambaya, domin ƙamshi ya fi komai saurin tayar da tsohon abu. Ba a yayyafa masa ruwa ba zato, ba a girgiza shi, ba a taru a kansa.

Ku kuma yi ma'aunin ku na tsananin tashin hankali, 0 zuwa 10, ku yi yarjejeniya cewa daga 8 ana tsayawa. Ku gyara barci: shayi da goro su tsaya daga la'asar, waya ta bar shimfiɗa. Ku zaɓi abu ɗaya da ya daina yi ya koma masa a wannan makon, ƙarami, kamar zuwa Islamiyya ko zama a majalisa na rabin awa. Numfashin da komawa ga abin da aka daina yi suna cikin tsarin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 na minti 90, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Ga mutane da yawa iyakar abin da suke buƙata ke nan.

Buɗe labarin

Sharuɗɗa uku ne. Haɗarin ya wuce, ba wai tana komawa gidan da ake dukanta da daddare ba. Yana iya sauko da kansa daga 8 zuwa 5 da dabarun da ya koya. Kuma shi ya ce ya shirya. Kai ma sai kana da horo a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da aka tabbatar, irin su CPT mai zama 12 (gyara tunanin da abin ya bari), ko EMDR (jinya da motsa ido), ko NET (jinya ta ba da labarin rayuwa). Idan babu, ka tsaya a matakin baya ka tura shi gaba. Ba gazawa ba ce.

NET ta fi dacewa da wanda abubuwa da yawa suka faɗa wa, kuma ba ta buƙatar karatu. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwarsa, bakinta ɗaya haihuwa, ragowar a naɗe domin kwanakin da ke gaba. Yana ɗora dutse a kan kowane mummunan abu, fure a kan kowane alheri. Fure ba ya cewa komai ga yawancin mutanenmu, dabino ya fi. Daga nan ana bin igiyar daga farko, dutse ɗaya a zama ɗaya na minti 90, ana haɗa abin da jiki ya ji da lokaci da wuri, har abin ya koma "ya faru a shekara kaza" maimakon "yana faruwa yanzu". Ba a fara dutse idan saura minti 20 a tashi, ba kuma a yanke shi a tsakiyar tashin hankali, domin wanda aka sallama a 9 zai hau adaidaita sahu da abin a buɗe. Minti 15 na ƙarshe na saukowa ne. Ka gaya masa tun kafin a fara cewa mafarkai na iya ƙaruwa na 'yan kwanaki.

Kunya na da hurumi a nan. Mace za ta ce "ya ɓata ni" ko "abin ya faru", ka karɓi kalmarta, kada ka matsa sai ta ambaci gaɓa. Ka guji "me ya sa": me ya sa kika je, me ya sa ba ki yi ihu ba. Waɗannan tambayoyin ta riga ta ji su a gida, kuma hukunci ne. Abin da take buƙatar ji shi ne daskarewa a lokacin tsoro aikin jiki ne, ba yarda ba ce. Aikin gida na rubutu kuwa a yi hattara da shi. A gidan da ɗaki ɗaya ne da mutum shida, ko miji na duba waya, takarda tona asiri ce. A bar rubutun a fayil ɗin asibiti, a tambayi lambar da za a kira da lokacin da za a kira, da sunan da za ka ce kai wane ne idan wani ya ɗauka.

Idan ciwon na "ni wane ne" ne

Ba kowane tabo ne na bam ko bindiga ba. Akwai ɗan riƙo da ya girma kafin ya ji cewa wadda yake kira Umma ba ita ta haife shi ba. Akwai agola da ya tashi yana cin abinci a ƙarshe, da bazawara 'yar shekara 22 da aure biyu a baya, da matar da ake wa gorin haihuwa, da wanda aka hana aure saboda sana'ar kakansa, da wanda aka haifa a Fagge ya tashi ba ya jin wani harshe sai Hausa amma har gobe ana ce masa ba ɗan gari ba ne. Akwai wanda ya canza aƙida ko addini gidansu suka juya masa baya, da almajirin da aka kawo birni yana ɗan shekara bakwai bai sake kwana a ɗakin uwarsa ba. Waɗannan ba su da rana ɗaya da za a nuna, gori ne da ya taru shekara da shekaru har mutum ya karɓe shi ya zama muryarsa.

Aikin a nan shi ne raba muryoyin. Idan ta ce "ni ba ni da amfani", ka tambaya: a bakin wa kika fara jin wannan? Kina 'yar shekara nawa? Idan ƙanwarki ce a wannan halin, haka za ki ce mata? Ku lissafa sunayen da take amsawa, 'ya, uwa, ɗaliba, mai sana'a, baiwar Allah, ku ga wanne aka ɗora mata, wanne ta zaɓa, wanne take son ta raya. Kuskuren da masu karatun boko suka fi yi shi ne su ɗauko maganin wata ƙasa: ki yanke hulɗa da su, ki fifita kanki. A Kano mutum da danginsa yake tsaye, su ne abincinsa, su ne masu kai shi makwanci, kuma zumunci ibada ne a wurinsa. Abin da ke yiwuwa shi ne iyaka mai ladabi: rage kwanakin ziyara, zuwa da rakiya, sanin lokacin tashi daga zance, neman kawu ko gwaggo mai faɗa a ji ta shiga tsakani. Idan kuwa abin da mutum ya faɗa maka game da kansa zai iya jawo masa duka, ko kora, ko kamu idan ya fita, to kada ka rubuta shi a fayil da lafazin da wani zai gane, kada ka tura shi ya bayyana wa kowa, kuma ra'ayinka a kan lamarin ka bar shi a waje. Idan ka san ba za ka iya ba, ka mayar da shi ga wanda zai iya, ba tare da ka wulaƙanta shi ba.

Sulhu ma haka. Dangi za su zo su ce a rufa asiri, a yafe, wanda ya yi abin ɗan'uwa ne. Yafiya hakkin wanda aka zalunta ce, ba sharaɗin warkewa ba, kuma ba a yin zaman sulhu da mai laifi a ɗakin jinya. Idan yaro ne, kare shi na gaba da rufin asirin kowa.

Sallama

Mutane na daina zuwa saboda kuɗin mota, ko azumi, ko biki, ko miji ya hana, ba lallai don jinyar ba ta yi ba. Saboda haka kowane zama ya ƙare da abu ɗaya da zai iya tafiya da shi ko da bai dawo ba. A watan Ramadan a mayar da zama safiya, a dakatar da buɗe sabon dutse. Idan likita ya haɗa da magani irin su fuloksetin, a gaya masa sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Idan an zo ƙarshe, a sanar da shi saura zama biyu, a tazarar da su zuwa mako biyu-biyu, a sa ranar dubawa bayan wata uku. Ku lissafa ranakun da abin kan motsa, kamar zagayowar ranar da ya faru, ko Sallah ga wanda ya rasa nasa, da wanda zai kira a ranar. Kai kuma mai jinya, kada ka jera masu buɗe labari fiye da uku a yini ɗaya, kuma ka sami na gaba da kai a aikin da za ku riƙa bitar fayilolinka aƙalla sau biyu a wata, ba tare da ambaton suna ko unguwa ba.